Ragowar Dila

Ran Laraba ake fasa dila a Kasuwar Barci.
Kafin masu koko su sauke tukunya
Madam Uloma ta datse ɗaurin,
wayar ƙarfe ta yi tsalle kamar an taka mata wutsiya,
sai ga warin wata ƙasa ya fito:
warin magani, warin kwali, warin daɗewa a cikin jirgi.

Masu ido su yi zaɓe.
Na farko ya tafi shagon gilashi,
na biyu ya hau igiya a bakin titi,
na uku a zube a leda, ɗari biyu-biyu, sunkuya ka ɗauka.
Ni ba na cikin waɗannan.
Sai an watse nake zuwa,
kamar kaza bayan an gama sussuka.

Abin da ya rage shi ne rabona:
wandon da ya tsage har gwiwa,
kwat mai kaurin katifa
da ba mai sa shi a garin nan ko zazzaɓi ya kayar da shi,
labulen da rana ta lashe rabinsa.
Buhu guda dubu da ɗari biyar,
in Uloma ta tashi da fara'a.

Da can duk kwata ake tura su.
Shekarar da ruwa ya shigo layinmu har ƙugu,
da aka tone magudanar
ba yashi aka tarar ba, hannayen riguna ne
sun rungume juna sun tare hanya.
Ranar Baba Jatau ya ce mini,
"Tabawa, tsumma ma yana da fushi."
Da zai koma Kachia ya bar mini kekensa,
tsohon keke mai tari, mai son mai,
wanda bai san an ɗauke wuta ba.

To, ni da shi muke sulhu tsakanin baƙi.
Ƙyallen da bai taɓa jin sunan ɗan'uwansa ba
mu kwantar da su kafaɗa da kafaɗa.
Wando ya zama jakar makaranta.
Labule ya shige ciki ya ɓoye kunyarsa.
Rigar ulu in warware ta daren Juma'a,
Asabar ta wayi gari hular jariri.
Maɓallai suna gwangwanin madara,
zif kuwa a rataye a ƙusa kamar busasshen kifi.

Wata rana na sa hannu a aljihun wani kwat.
Tikitin jirgin ƙasa, rubutun ya koɗe,
da alewa guda ta narke ta manne da takardarta.
Wani ya yi niyyar kai wa yaro,
ya manta, ko bai isa gida ba.
Ban iya yanka aljihun nan ba.
Na ciro shi ɗungum na ɗinka a jakar Sallau,
nan yake sa kuɗin tara.

Bara wata yarinya ta zo daga Barnawa,
ta ɗauki jaka goma, ta ɗauki hotuna ashirin,
ta raɗa musu sunan da harshena ya ƙi.
Ta ce, "Mama, wa ya zana miki?"
Na nuna mata almakashi.
Ta yi dariya, ta biya ba ciniki.
Ni ma na ƙara kuɗi tun daga ranar.

Kada ka ce na ceci kasuwa.
Akwai yadin da allura ba ta so,
mai santsi, mai narkewa in ya ji dutsen guga.
Shi har yau da dare ake cinna masa wuta a bayan rumfuna,
hayaƙin ya bi mu gida, ya kwana a maƙogwaron Sallau.
Buhu ɗaya nake iya ɗauka.
Kaina ɗaya ne.

Gobe Laraba.
Bari in ɗiga wa keke mai.